Shaihu Umar a Rumfar Goro: Wa Ya Yi wa Gwarawa Kuka?



Makonni uku da suka wuce, bayan la'asar, kasuwa ta yi sanyi, ina zaune a rumfa da ɗan littafi a hannu, sai ga wani dattijo abokin cinikina, wanda kuma yakan bi ni salla a masallacin layinmu ranar da babban liman ba ya nan. Ya leƙa bangon littafin, ya ga an rubuta Shaihu Umar, ya riƙe baki. Ya ce, "Haba Malam! Kai da kake ja mana salla, kai ne da littafin ƙarya? Wannan ai na 'yan boko ne." Na ce, "Alhaji, zauna ka ci goro mu yi magana." Ya ce sauri yake yi, motar kayansa za ta tashi. To, tun da bai zauna ba, ga amsar a rubuce. Na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi a unguwar nan ba.

Ni dai ban yi boko mai zurfi ba. Allo na yi, na yi Islamiyya, na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala gwargwadon abin da Allah Ya hore. Karatun Hausar boko a Islamiyya na tsince shi, na ƙarasa gogewa da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da direbobi ke riƙo mana daga Arewa. Saboda haka abin da zan faɗa, maganar ɗan kasuwa ce mai ɗan karatu, wanda ya ga kuskure ya gyara mini.

Mu fara da zancen ƙarya. Abin da malamanmu suka koya mana shi ne, ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba don ya ɗauka haka yake. Mai ƙagaggen labari kuwa bai yaudari kowa ba. Shi ya san ƙirƙira ya yi, kai mai karatu ka sani. Kuma in littafin ƙirƙira haramun ne, me Muƙamatul Hariri take yi a zaurukan manyan malamanmu? Shekara da shekaru ana karantar da ita a Kano da Zariya da Sakkwato don sanin lugga, alhali Abu Zaid ɗin da ke cikinta, mai wayon tsiya, ba a taɓa haihuwarsa ba. Haka Kalila wa Dimna, inda dila da zaki ke magana. Ba mu ji malamin da ya ƙona su ba. Abin dubawa a littafi shi ne me ya bar maka a zuciya bayan ka rufe shi.

Yanzu ga littafin kansa. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da wannan Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Marubucinsa wani matashin malamin makaranta ne a Bauchi, an haife shi a 1912, wato bai wuce shekara 22 ba. Sunansa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan ƙasar nan, aka kashe shi a watan Janairun 1966. Allah Ya jiƙansa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da labarin fim.

Ga wanda bai karanta ba, ga labarin a taƙaice. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, kusa da Bauchi. Wata rana almajirinsa ya tambaye shi asalinsa, shi ne ya ba da labari. A Kagara aka haife shi, maraya. Uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Sarki ya tura hari ƙasar Gwari don kamo bayi, Makau ya yi bajinta, sai 'yan uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Aka kore shi daga gari, ya ƙare a Maƙarfi. Uwar Umar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun amana, aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu har Kano, har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Ita kuwa uwar, ta fita neman ɗanta, ita ma aka kama ta aka sayar. Ba su sake haɗuwa ba sai can ƙasar Tarabulus, ta tsufa, wahala ta cinye ta, ta gan shi, ba da jimawa ba ta cika. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, Umar ya tsira, ya iso ƙasar Hausa.

Abin da na fara yabawa shi ne harshen. Abubakar Imam in yana ba da labari, dariya yake neman ya ba ka, kana karantawa kana jin kamar maroƙi ne ya shigo zaure. Tafawa Ɓalewa ba ruwansa da wannan. Hausarsa a natse take, ba ado, ba zuzutawa, kamar dattijo yana ba da shaida gaban alƙali. Wannan natsuwa ita ta sa abin ya fi ciwo. Zai gaya maka an sayar da mutum da irin muryar da ni zan ce an sayar da huhu biyu na daushe. Sai ka wuce layin, sannan ka dawo ka ce, tsaya, mutum fa aka ce.

Na biyu, wurin Makau. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin maigida a harkar goro ko ta shanu ya san wannan ciwo. Kai ne mai gaskiya, kai ne mai ƙoƙari, ƙoƙarin naka ne kuma zai jawo maka. Mutum uku su haɗa baki, su riga ka zuwa wurin mai yanke hukunci, shi ke nan. Yaro ɗan shekara 22 ya gano wannan hali na fada ya zana shi daidai.

Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan littafin a wurina, uwar nan. Sunan Umar ke bango, amma shi ɗaukarsa ake yi ana ajiyewa, kamar kaya. Bai zaɓi komai ba sai can ƙarshe. Ita ce ta zaɓa. Tana da 'yanci, tana da miji yana jiranta, ta bar duka ta bi sawun ɗanta, ta san hanya ba lafiya. Ko da ta zama baiwa ba ta daina faɗin cewa ita 'ya ce ba, har gaban alƙali ta kai ƙara. Na karanta littafin nan ina saurayi, abin da ya burge ni a lokacin shi ne hamada da raƙuma. Na sake karantawa yanzu ina da jikoki, wallahi wurin haɗuwarsu sai da na ajiye littafin na shiga cikin rumfa kamar mai neman wani abu, don kada yaran shago su ga idona.

To, amma mu 'yan goro mun san ba a sayen huhu saboda goron da ke sama. Sai an zura hannu ƙasa an ga ko akwai sankara. Littafin nan yana da tasa.

Ƙaramar ita ce yawan dace. Ɓarawo ya saci yaro, kura ta cinye ɓarawon ta bar yaron. Mafarki ya zo daidai lokacin da ake bukatarsa. Guguwa ta kashe ayari ta bar mai ba da labari. Allah Mai iko ne a kan komai, ba musu, amma marubuci in ya cika jingina da irin wannan, mai karatu yakan fara ganin hannunsa. Ƙarshen ma an yi shi da gaggawa, kamar mai sauri ya rufe shago hadari ya taso.

Babbar kuwa ita ce wadda na sa a kan wannan rubutu. Harin da Makau ya je, mutane aka je kamowa. Gwarawan nan, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, suna gonakinsu aka auka musu. Kowane ɗaya da aka ɗaure yana da uwa. Abin da ya sami Umar, shi ne daidai abin da mijin uwarsa ya je ya yi wa 'ya'yan wasu. Amma littafin ya tsaya ya yi jimamin zaluncin da aka yi wa Makau a fada, bai tsaya ko kaɗan a kan waɗanda Makau ya kamo ba. Ƙirga su kawai aka yi, nawa ya kawo, nawa aka ce ya ɓoye. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Sannan ga ta biyu mai kama da ita. Umar ya yi sa'ar ubangida, bauta ta kai shi ga ilimi da daraja. Mai karatu marar lura zai iya rufe littafin ya ce, ashe sace shi ɗin ma alheri ne, haka Allah Ya ƙaddara. A nan ne nake cewa a yi hattara, kuma a nan rawanina ya shigo maganar. Imani da ƙaddara wajibi ne, shi ke riƙe zuciyar wanda aka zalunta kada ta fashe. Amma ƙaddara ba ta wanke azzalumi. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya zama babba a Masar, wannan bai mai da jefa shi rijiya aikin lada ba, sai da 'yan uwansa suka nemi gafara. Kuma hadisi ya tabbata a Buhari cewa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa.

Shin marubucin bai ga wannan ba ne? Na daɗe ina juya abin. Ku duba lokacin. Turawa sun yi shelar cewa duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Wato lokacin da littafin ya fito, da waɗanda suka yi harin da waɗanda aka kama, da yawansu suna raye, wasu ma suna gida ɗaya. Matashin malami mai cin albashi a hannun hukuma ba zai fito ya nuna manya da yatsa ba. A ganina abin da ya yi shi ne, ya ajiye harin Gwari a farko, ya ajiye satar Umar a bayansa, ya yi shiru, mai hankali ya haɗa da kansa. In haka ne, ya yi dabara. Amma shirun ya yi yawa, har yawancin masu karatu sukan wuce ba su haɗa ba. Ni kaina sai a karatu na uku na haɗa, kuma ba da wayona ba. Wani littafi ne ya buɗe mini ido.

'Yata da ke jami'a ce ta zo hutu da shi, da Turanci, sunansa Baba of Karo. Ta ce, "Baba, wannan tsohuwar tana magana kamar Hajiya kaka." Kullum bayan isha'i takan karanta ta fassara mini. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Wata tsohuwa ce Bahaushiya ta ƙasar Zazzau, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ita kuwa ta rasu a 1951. Baba ta ga zamanin da idonta. Danginta suna da rinji, suna da bayi masu yi musu noma. Kuma su ɗin ma mahara sun taɓa kama nasu, aka yi ta fafutukar tara dukiya ana fansa. Tana ba da labarin biyun duka hankali kwance, ba ta ga wani karo a tsakaninsu ba: namu da aka kama musiba ce, na wasu da ke rinjinmu kuwa haka duniya take. Da na ji haka sai na ce, af, ashe ga gidan Makau nan da ransa. Ba mugunta ce ta sa littafin Shaihu Umar ya manta da Gwarawa ba, haka idon zamanin yake gani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Daga nan na koma wa littattafanmu na zaure, in ji me malamai suka ce. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, a 1615, ya amsa tambayoyin mutanen Tuwat a kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata, cikin littafinsa Mi'irajus Su'ud. Ya ce baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, ya kuma lissafa ƙasashe irin su Kano da Katsina da Barno a matsayin na Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Shehu Usmanu ma a Wasiƙatu Ahlis Sudan ya haramta bautar da ɗa Musulmi. A wannan ma'auni, duk wanda ya taɓa cinikin Umar da uwarsa, daga ɓarawon farko har mai saye na ƙarshe, haram ya ci, ko da ya kyautata musu. Amma in faɗi gaskiya, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi, waɗannan fatawoyi an yi su ne a zamanin da ƙofar bauta take buɗe a duniya, kuma kariyarsu ba ta kai ga manomin Gwari da ba ya salla ba. Wanda zai kai gare shi, sai wanda ya tuna cewa Alƙur'ani ya ce an girmama 'yan Adam, bai ware ƙabila ba, ya kuma sa 'yanta wuya cikin manyan ayyukan da ake hawa tudun tsira da su.

Kun ga abin da nake nufi da karatu iri-iri. Da Shaihu Umar kaɗai na karanta, da na yi kuka na tashi ban san an bar wasu a baya ba. Labarin Baba shi ya nuna mini yadda mutanen kirki suke zama da mugun abu ba su gan shi ba. Littafin fiƙihu ya ba ni hukunci, amma bai sa na ji zafin ƙafar matar nan a cikin rairayi ba, wannan sai ƙagaggen labari. Kowanne ya toshe ɓarakar ɗan uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce, Malam, wannan duk tarihi ne, ya wuce. Ina fa ya wuce! A watan Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana ta gwamnati a Kagara ta Jihar Neja, suka kwashi mutum 42, cikinsu ɗalibai 27. Da na ji sunan garin a rediyo sai da gabana ya faɗi, don sunan da littafin ya fara da shi ke nan. Duk wanda ke bin kaya Arewa ta Jebba da Mokwa da Tegina ya san yadda ake addu'a a wannan hanya. Kalmar fansa da Baba ta yi ta ambata, yau ita ce a bakinmu. Iyaye mata nawa ne yanzu haka suke sayar da gona da akuya suna bin sawun 'ya'yansu kamar uwar Umar?

A cikin watan nan dai aka yi rikicin kasuwar Shasha a nan Ibadan, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje. Ba zan tayar da tsohon miki ba. Abu ɗaya kawai na lura da shi a lokacin: in ka zauna a majalisarmu, namu ake ƙirgawa, in ka saurari maƙwabtanmu Yarabawa, nasu suke ƙirgawa. Ciwon littafin nan ke nan, kuma namu ne. Mu da muke zaune a unguwar nan tun 1916 a tsakiyar mutanen da harshenmu ba ɗaya ba, mun fi kowa bukatar idon da ke ganin uwar wani kamar tamu. Ranar da aka zo ƙirga, mu ne 'yan kaɗan a garin nan, mu ne za mu so a tuna cewa muna da uwaye.

Saura magana ɗaya, ta 'ya'yanmu. Na miƙa wa wani jikana littafin nan na ce ya karanta mini shafi ɗaya. Yaron nan yana zuba Yarabanci kamar ɗan Oja'ba, yana karanta Turanci ba gargada, amma Hausa a rubuce sai ya riƙa tuntuɓe, ƙ da k duk ɗaya ne a wurinsa. Ban ga laifinsa ba, laifinmu ne. Gidajenmu nawa ne ke da littafin Hausa ko guda biyar? Muna kai kuɗin waya dubbai a wata, littafi kuwa sai mu ce tsada.

Shawarata ga shugabannin Islamiyyun unguwa da masu hali: a sami kanta ɗaya a kowace makaranta, a zuba littattafai iri-iri, a ware sa'a ɗaya ranar Alhamis yara su karanta da ƙarfi, babba yana gyara musu, a kuma tambaye su me suka gani, wa aka manta a labarin. A sa Magana Jari Ce don dariya da hikima. A sa Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin tafiyar Abubakar Imam Ingila a 1943. A sa Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji don tarihi. Manya 'yan kasuwa su nemi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri, za su ga fuskokin da suka sani. Magidanta su daure su karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ko da zai yi musu ɗaci. Masu Turanci kuma su nemo littafin da Abner Cohen ya rubuta a kan Sabon nan tamu, wanda ya fito a 1969, su fassara mana mu ji yadda baƙo ya ga iyayenmu da cinikinsu na goro da shanu, mu gaskata inda ya yi daidai, mu musa inda ya kauce. Duk mai zuwa Kano ko Zariya sayen kaya, ya riƙo guda biyu. Ni na fara da guda shida, suna rumfata, mai so ya zo ya ara, amma a dawo da su.

Shi kuwa Alhaji abokina, na aika masa da Shaihu Umar ta hannun yaronsa, na ce ya karanta ya zo mu yi musu. Shekaranjiya bayan asuba ya tsaya a ƙofar masallaci yana neman takalminsa, bai dube ni ba ya ce, "Malam, matar nan dai ta ga ɗan nata kuwa?" Na ce, "Alhaji, ƙarasa mana." Ya ce idonsa ba ya son ƙananan rubutu, jikarsa ce ke karanta masa da dare, ita kuma barci take yi da wuri.

Allah Ya kuɓutar da duk wanda ke hannun azzalumai, namu da na wasu. Allah Ya zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Wassalamu alaikum.